Majanyin da Ya Goyi Damisa

Da sunan Allah nake buɗe baki, wanda ya suturta dabba da gashi, ya suturta kifi da ɓawo, ya suturta tsuntsu da fiffike, ya fito da ɗan Adam tsirara, ya haɗa shi da kunya. Ni ce Barmani, 'yar Sarkin Jima. A bakin ramin jima aka haife ni, kuma ga dukkan alamu daga nan za a ɗauke ni. Sau ɗaya na yi tafiya a rayuwata. Na fita da suturata cikakkiya, na dawo da warkin akuya. Ga yadda aka yi.

Ina da ɗa guda, shi ne na fari, shi ne na ƙarshe. Ba za ku ji sunansa a bakina ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar ko ya ci abinci. Da aka yaye shi goggonsa ta ɗauke shi riƙo, ban ko leƙa ba. In dole ta kama ni in ambace shi, sai in ce "wancan". To, wancan ya girma ya ƙi jima. Ya ce wari. In ya zo gaishe ni yana tsayawa daga nesa, yana toshe hanci da bakin riga kamar mai mura. Daga baya ya shiga fataucin kwalli da turare, ya bi ayari, aka daina jin ɗuriyarsa.

Wata ranar kasuwa ina kankare fatar tunkiya, sai ga Madugu Shawai, jagoran ayarin da wancan ya bi. Ya tsuguna, ya ajiye wani guntun fata a gabana. Fara ce fat, da ɗigo-ɗigon shuɗi, gashinta ya kai tsawon yatsa. Gefenta a yage yake, daidai inda aka huda ta da turke.

Na juya ta na shinshina. Na ce, "Wane mahaukaci ne ya yi wannan aiki? Ko kitsen bai gama cirewa ba."

Madugu ya ce, "Ɗanki ne, Barmani."

Na ce, "Ɗan mutanen gidan nan kake nufi. Ina jin ka."

Ya ce a bayan Kwarin Asu da Tafkin Gishiri akwai mutane masu zama a cikin dutse, mace ke mulkinsu, ana ce mata Uwar Tsauni. Ɗanta na fari ya kashe wata damisa mai girman ɗaki, ita ma damisar ta kashe shi. A al'adarsu sai an rataye fatar a bangon babban kogo, ta tsaya har ranar da iskar tsauni za ta shigo, sannan a rufe makoki. Wancan ya ji an yi alkawarin lada, ya bugi ƙirji ya ce shi jikan Sarkin Jima ne, a ba shi aikin. Ya rataye, ta yage ta faɗo. Ya sake, ta sake faɗowa. An ce in ta faɗo ta uku, shi za a ɗinke cikin ɗanyar fata a ajiye a rana har ta bushe a jikinsa.

Abin da ya fara kama ni kunya ce, cewa an kai sunan ubana wata duniya an zubar. Na shiga ɗaki na ɗaure basilla da wuƙar kankara da man kaɗanya da buhun bagaruwa, na haɗa da zannuwana, da likkafanina, don tsohuwa ba ta fita nesa ba shi. Maƙwabta suka tambaya, na ce zan je duba wata fata.

Na bi ayarin Madugu, muka keta dazuzzukan da itatuwansu ke juya baya in an kalle su, muka wuce garin da kaji ke kiwon mutane. Ba zan tsaya a kansu ba, ba abin da suka yi mini. Har muka iso bakin Kwarin Asu. Asun wurin kowanne ya kai tantabara, kuma ba abin da suke ci sai tufa. Shi ya sa ko ƙyalle bai taɓa isa ƙasar tsauni ba. Fatake sun saba tuɓewa su ɗaura warki kafin su shiga, amma wannan karon sun ce za su ruga a guje, don akwai tsohuwa a ayari, ba sa tuɓewa a gabanta.

Ni kuwa na ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba na tuɓewa. Na haƙa rami, na jiƙa bagaruwa da toka da kashin tsuntsaye, irin haɗin da muke yi a gida, na tsoma kayana kaf a ciki, har na jikina. Na fito ina ɗiga.

Madugu ya ja da baya yana tari. "Haba Barmani! Ko jakuna sun juya kai. Bi mu a baya don Allah."

Na ce, "Wuce, mai ƙamshi. Ma haɗu a gaba."

Asu suka sauko kamar hadari. Suka zagaye ni, suka shaƙa, suka watse. Suka faɗa wa fatake. Kafin mu kai tsakiyar kwarin, babbar rigar Madugu ta zama raga, ragar ta zama zare, zaren ya tafi. Dattawa masu gemu suka dinga ɓuya a bayan jakuna suna salati. Na sunkuyar da kai, ban ɗaga ba sai da muka fita. Wallahi da na san abin da idona zai gani, da na bar su sun ɗaura warkinsu tun farko. Daga ranar Madugu bai ƙara haɗa ido da ni ba.

Sai Tafkin Gishiri, inda na rabu da ayari. Ruwansa yana cin naman mutum kamar yadda toka ke cin gashin fata. Akwai mai fito guda, dogo kamar giginya, da jirginsa na ƙashin kifi wanda ba a tuƙa shi.

Ya ce, "Iya, jirgin nan da suna yake tafiya. Faɗi sunan abin da kika zo nema."

Na ce, "Jikan Sarkin Jima."

"Wannan ba suna ba ne."

"To ɗan riƙon Goggo Tasalla."

Ya yi dariya. "Iya, ni ba mai neman aure ba ne da za ki karanto mini dangi. Suna."

Can na ce, "Fatar damisar tsauni na zo nema."

Jirgin ya yi ƙara, ya motsa. Amma da yake rabin gaskiya na ba shi, rabin tafiya ya yi mini. Yana jan jiki, ruwa yana tsattsafowa ta ƙasa. Na tattare ƙafafuna, na ɗauki ƙwaryata ina kwashewa har muka kai gaɓa. Mai fito ya ce, "Tunda nake ban taɓa ɗaukar mai taurin kai irinki ba. Allah ya kai mu dawowa."

Mutanen tsauni farare ne sol da ƙurar gishiri, kowa sanye da fata. Suka taru suna taɓa mayafina suna mamaki. Aka kai ni babban kogo. Bakinsa yana kallon gabas, bangonsa ya fi rimi tsawo. A ƙasa ga fatar damisa a yashe, ta motse, gefunanta duk a yayyage. A gefe kuma ga wancan, an ɗaure masa ƙafa da igiyar jijiya, ya rame har kunnuwansa sun yi tsawo.

Ya gan ni ya durƙusa. "Inna."

Na kalli bango na ce, "A gaya wa mutumin nan ya tashi, ba gaisuwa na zo karɓa ba."

Sai ga Uwar Tsauni, mace mai faɗin kafaɗa, tsarata ce. Tun daga bakin kogo take kiran sunan ɗanta da ƙarfi: "Dargaza! Dargaza ɗana! Dargaza na fari!" A gaban maza, a gaban yara. Na rasa inda zan sa fuskata. Na ji mata kunyar da ita ba ta ji.

Ta ce, "Ke ce uwar maƙaryacin nan?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni majemiya ce. Na ji an ɓata fata, na zo gyara."

"Shi ya karɓi aikin, hannunsa ne zai rataye. Ki koya masa in kina so. Iska ta kusa. In ta faɗo, a gabanki za a ɗinke shi."

Muka fara. Ban yi masa magana kai tsaye ba ko sau ɗaya. Da fatar nake magana, shi yana ji.

Na ce, "Ke fata, wanda ya taɓa ki bai san ana jiƙa bayanki ba kafin a miƙe ki." Sai ya ɗebo ruwan daɗi ya yayyafa. Na ce, "Bai san kitsen da aka bari shi ke ruɓar da ke ba." Sai ya ɗauki wuƙa ya durƙusa yana kankarewa, wari yana dukan fuskarsa, bai toshe hanci ba. Muka shafe ta da man kaɗanya har ta yi laushi. Muka shimfiɗa ta gashi a ƙasa, muka daidaita layin gadon baya daga wuya zuwa wutsiya, muka ja ƙafar dama da ta hagu daidai wa daida, muka danne da duwatsu masu santsi, ta bushe a inuwa. Inda ta yage muka haɗa bakin ta baya, ɗinki ƙanana, ana ture gashi gefe da tsinke kada zare ya kama shi. Gefen da ya lalace na yanke ta bayan fata, da bakin wuƙa kawai, don gashi ya rufe yankan.

Da aka gama ya ɗauko turakunsa zai fara hudawa. Na buge su da ƙafa.

Na ce, "Ke fata, gaya masa ba kya iya ɗaukar nauyin kanki. Duk inda aka huda ki aka rataye, nan za ki yage. Sai an yi miki shafi, an ɗinka tufa mai ƙarfi a bayanki, tufar ta ɗauki nauyin, ke ki kwanta a kanta."

Ya ce a hankali, "Inna, ai ba tufa a ƙasar nan."

Na sani. Tun a Kwarin Asu na sani.

Na fito da likkafanina. Ya gane ko mene ne, ya kau da kai. Muka shimfiɗa shi a bayan fatar, bai rufe ko rabi ba. Na ƙara zannuwan da ke cikin ƙunshi. Saura ƙafafu. Na cire mayafina. Saura wutsiya. Na tsaya na daɗe, sannan na kwance ɗankwalina, furfurar da ko mijina marigayi bai gani da rana ba ta fito fili, matan tsauni suna nunawa da yatsa. Muka haɗa su duka suka zama shimfiɗa guda, muka bar ta ta ɗara fatar kaɗan, muka kalmashe bakin. Muka ɗinke zagaye, sannan muka bi jiki layi-layi, daga kafaɗa zuwa ƙugu, don kada nauyi ya taru wuri guda. Basilla ta huda yatsunsa har suka kumbura. Ɗinkinsa na farko kamar tafiyar maye, na sa ya warware. Na baya ba laifi. Ban gaya masa ba.

Saura abu ɗaya. A saman shafin ake ɗinka kube, dogon aljihu daga wannan ƙafar gaba zuwa waccan, a zura gora a ciki, gorar ta hau ƙugiyoyin bango. Duk nauyin damisa a kan kuben nan yake. Muka yi shi da ragowar zane, maza suka ɗaga don gwaji. Tun ba ta bar ƙasa ba na ji zare yana kuka. Na ce a sauke. Muka gwada da fatar bijimi, ta miƙe kamar danƙo, damisa ta karkace. Muka gwada igiyar jijiya, ta yanka shafin.

A ranar tsuntsayen tsauni suka fara shigewa ramuka. Masu tsaro suka shigo da ɗanyar fatar bijimi, tana ɗigar jini, suka ajiye ta kusa da wancan, da basillarsu a kai. Uwar Tsauni ta zauna a bakin kogo da jama'arta.

Wancan ya ce, "Inna, ki tafi. Kada ki tsaya ki gani."

Na ce wa bango, "A gaya masa ya juya baya."

Ya juya. Na sa hannu ƙarƙashin zanen da ya rage mini, na kwance abin da ke ɗaure a ƙuguna tun shekarar da aka yaye shi. Majanyi ne, saƙin hannu mai kauri, baƙi da ratsin ja, irin wanda ake ɗaure goyo da shi. Uwata ta saƙa shi da zare ninki biyu. Ba wanda ya san yana nan. Goggonsa ta tambaya a lokacin, na ce ya ɓace.

Na jefa shi a kan fatar na ce, "Ga wani tsumma. A ɗinka."

Ya juyo ya ɗauka. Ya san majanyi, kuma ya san ban taɓa goya kowa ba sai mutum ɗaya. A gefe guda akwai inda ya tattauna lokacin da haƙoransa ke fitowa. Ya sa yatsa a wurin. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai Uwar Tsauni ta ɗaga hannu. "Dakata. Ba abin da ke hawa bangon Dargaza sai an faɗi asalinsa a gaban jama'a. Kin faɗi na sauran. Wannan fa?"

Na ce, "Tsumma ne, ranki ya daɗe."

"Tsumma ake ɓoyewa a ƙugu? Mene ne aikinsa?"

"Ana ɗaure yaro da shi a baya."

"Wane yaro?"

Na nuna da haɓa, ban kalle shi ba.

Ta ce, "Shekara nawa yana ƙugunki?"

Na ce, "Ki dubi gemunsa ki ƙiyasta."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Tun zuwanki ban ji kin kira shi ba. Na ɗauka ba kya son sa ne."

Na ce, "Ni kuma na ɗauka ba ki da kunya ne."

Masu tsaro suka zabura. Ta ɗaga musu hannu, ta yi wata dariya da ba ta kai ciki ba. Ta ce, "Ɗinka, ɗan majemiya."

Ya ɗinka majanyin a kan shafi, ba a kan fata ba, layi biyu sama, layi biyu ƙasa, yana komawa baya a kowane ɗinki kamar yadda ya ga ina yi. Hawaye na sauka a kan basilla. Na ce wa fatar, "Gaya masa ruwan gishiri na ɓata zare." Ya share fuska. Aka zura gora. Kan damisa, da yake ya fi nauyi, na sa aka yi masa maɗauri nasa daban. Aka ɗaga, kwancin gashi yana kallon ƙasa, aka bar tazarar tafin hannu tsakaninta da dutse don iska ta ratsa kada danshi ya kama ta. Hannunsa ne ya ɗora gorar a kan ƙugiya.

Da rana ta take, iskar ta zo. Ta shigo kogon da ruri, ta kwashe ƙore da tabarmin fata, ta kayar da yara. Damisa ta kumbura ta tashi daga bango kamar za ta yi tsalle, ɗigon shuɗin nan suna walƙiya, ta faɗa, ta sake tashi. Gora ta lanƙwashe. Ni ban kalli damisa ba, majanyin nake kallo. Ya miƙe har ratsin jan ya yi siriri. Na san iyakarsa. Ya taɓa riƙe wani mai ƙiba mai yawan zillo, ina daka, ina jima, ina tafiya rafi.

Iska ta gaji ta wuce. Damisa ta kwanta a bangonta.

Uwar Tsauni ta tashi ta shafa gashin, ta kira sunan ɗanta sau ɗaya, a hankali. Wannan karon ban sunkuyar da kai ba. Ta sa aka kwance wancan. Ta ce al'ada ta hana baƙo fita da abin da ya taɓa fatar makoki, kuma zanen jikina ya taɓa. Matanta suka kewaye ni, suka karɓe shi, suka ɗaura mini warkin akuya da wata fata a kafaɗa. Haka 'yar Sarkin Jima ta fito daga dutse, kai ba ɗankwali, ƙwauri a waje. Wancan ya wuce gaba, bai waiwayo ba ko sau ɗaya, kuma wannan ne hankali na farko da na ga ya yi.

Muka iso Tafkin Gishiri. Mai fito ya gan ni ya washe baki. "Iya mai ƙwarya! Ku shigo. Mai komawa sunan abin da ya samo yake faɗa."

Wancan ya ce, "Ni ban samo komai ba." Gaskiya ce, jirgi ya karɓa, ya ja mu zuwa tsakiya. Nan ya tsaya yana jirana.

Na ce, "Fatar damisa."

Ƙasan jirgin ya buɗe baki. Wannan karon ko rabin gaskiya babu, fatar tana can a bango. Ruwa ya shigo, na kwasa da ƙwarya, ya fi ƙarfina. Ya taɓa ƙafar wancan, inda igiya ta ci, na ga naman yana fari. Bai yi ƙara ba. Ya ce, "Bari, Inna. Ba sai kin faɗa ba."

Mai fito ya ce, "Iya, ni ruwan ba ya ci na. Ku ne."

Na ce wa wancan, kai tsaye, karo na farko tun yana goye, "Toshe kunnenka."

Ya toshe. Na sunkuya har bakina ya kusa taɓa ƙashin jirgin, na faɗa.

Jirgin ya rufe bakinsa, ya tashi kamar an harba kibiya. Kafin in ɗago mun daki gaɓa, har mai fito ya faɗi zaune. Wancan ya sauka yana kallon ruwa, yatsunsa har yanzu a kunne, amma na ga yadda ya sa su. Ko sauro zai wuce ta wurin.

A Kwarin Asu ba wanda ya kula mu, ba mu da tufar da asu za su ci. Na shiga garinmu ta bayan gari, na yi kwanaki ban fito ba. Yanzu wancan yana bakin rami tare da ni, yana kankare fata, yana wari kamar kakansa. Ya kawo mini sabon likkafani, na ce a ajiye a can. Majanyina yana tsauni yana goyon damisa.

Jikokina sukan ce, "Kaka, me kika faɗa wa jirgin?" Sai in ce su je su tambayi jirgin. Shi aka gaya wa.

Nan na tsaya. Allah ya rufa mana asiri, duniya da lahira.